Ƙugiya a Tagar Gabas

Ranar Asabar nake wanke teku.
Bokiti ɗaya ya ishe shi, da tsumma, da ɗan garin sabulu.
Nakan hau benci in fara daga sama,
inda kurciya take riƙe da ganye a baki,
in gangaro kan jirgin,
in ƙare da kifaye ukun nan da ba su taɓa ƙiftawa ba.

Shekara goma sha tara ke nan.
Ni da ban san wani ruwa ba sai Gulbi,
wanda kan zo da damina kamar baƙon kunya,
ya tafi ya bar mana yashi da ramukan masu lambu.
Sau ɗaya na shiga kwalekwale a Madarunfa,
idona a rufe har gaɓa.

Ranar da aka kawo tagar cikin akwatin katako,
Baba Tankari, dattijon ikilisiya, ya daɗe yana kallo,
ya nuna ƙarfen da ke rataye a gefen jirgin ya ce,
"Wannan ai ƙugiya ce. Gugan wa ya faɗa rijiya?"
Fasto ya yi dariya, ya ce sunanta anka,
ita ke riƙe jirgi kada iska ta tafi da shi,
alamar bege ce.
Baba ya ce, "To. Abu ɗaya muke faɗi."

Sandar tsakiyar jirgin gicciye ce, kowa ya gani.
Tarun kuwa mu ne a ciki, in ji Fasto,
har da masu ƙaya.
Mutum goma sha biyu, baki a buɗe,
ɗaya yana kwarfe ruwa da ƙwarya,
ko dai ni ce nake ganin ƙwarya.
A can baya Yesu yana barci,
kansa a kan jan matashi.

Da can ina son barcin nan.
A hankali nake goge fuskarsa don kada in tashe shi.

Sai Filibus ya sayar da babur ɗin kabu-kabunsa.
Ya kira daga Agadas.
Ya kira daga Sabha.
Ya kira da tsakar dare daga wani wuri mai ruri kamar injin niƙa,
ya ce, "Inna, kin ji? Tekun tagarki ke nan.
Amma ba shuɗi ba ne."
Damina uku yanzu
lambar tana gaya mini wani abu da Larabci.

In na kai kan matashin nan, hannuna kan yi nauyi.
Na taɓa ƙwanƙwasa gilashin da farce,
na ce, "Tashi mana."
Ba kowa a cocin sai ni da ƙadangare.

Bara ƙwallon yara ta fasa igiyar ruwa ɗaya,
daidai ƙasan ƙugiyar.
Isufu mai gilashi ya zo bayan la'asar, ya auna,
ya ce shuɗi irin wannan babu shi ko a babbar kasuwa.
Ya sa fari.
Ya ƙi karɓar kuɗin aiki,
ya ce ai Annabi Nuhu ma na jirgi ne.

Ta wannan gurbi yanzu ana ganin reshen dogon-yaro,
da mai shayi,
da hanyar da ta fito daga tasha.
Ramin teku ne, Maradi ce a ƙasansa.

Ranar Lahadi rana kan biyo ta gabas,
ruwan ya zubo a kan siminti,
ya hau ƙafafun matan zumunta, ya rina zannuwansu,
jarirai su miƙa hannu su damƙi shuɗi.
Ni na canza wurin zama.
Ina benci na huɗu, inda farin ke sauka.

Wajen tsakiyar wa'azi inuwar ƙugiyar kan taso,
ta rarrafo tsakanin takalma,
ta tsaya a kan ƙafata ta hagu.
Ban sani ba ko riƙe ni take yi,
ko lalube take a ƙasan rijiya.

Ba na janye ƙafar.